GARGAƊI GA WANDA AKA YI WA AIKIN HANCI DA MASU JINYARSA

Jama'ar Dakoro da ƙauyukan kewaye, a saurara. Duk wanda aka yi wa aikin kogunan hanci da na'ura mai kyamara, a Maradi ne ko Yamai ko Kano, kada rashin ɗinki a fuska ya yaudare shi. Mikin yana ciki, kuma ƙashin da ya raba shi da ido da ƙwaƙwalwa bai fi ɓawon ƙwai kauri ba.

Mako biyun farko ban da fyace hanci. In atishawa ta zo, a buɗe baki. A wajen alwala a bar shaƙa ruwa da fyacewa. A mazhabar Malikiyya sunna ne, alwala ta yi ko babu su. Maganar sujada a tambayi likita, domin sunkuyo yana tayar da jini. Jan guga, daka da ɗaukar buhu duk su jira. A kwanta kai a tokare, kuma abin da likita ya cusa a hanci shi ne mai cire shi.

Ruwan gishirin wanke hanci a haɗa shi da ruwan da aka tafasa ya huce, ba ɗanyen ruwan rijiya ko na tabki ba. A rufe hanci daga ƙurar hunturu da hayaƙin murhu, a ajiye taba. Aspirin, ibuprofen da diclofenac na masu talla suna iya jawo haɓo, kada a sha sai da izinin likita.

Ga abin da ya fi tayar mini da hankali. Idan ruwa garai-garai mai ɗanɗanon gishiri yana ɗiga daga hanci, musamman in an sunkuya, kada a ce mura ce. Yana iya zama ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa, kuma ta wannan kafa sanƙarau ke shiga. Haka nan zazzaɓi da sandarewar wuya, matsanancin ciwon kai, kumburin ido, ganin abu biyu-biyu, ko jinin da ya ƙi tsayawa, duk alamun haɗari ne. Ido yana iya tafiya cikin ƴan awoyi.

Tsakanin Dakoro da Maradi ya haura kilomita 100, saboda haka babu jiran wayewar gari ko ranar kasuwa. In an ga ɗaya daga cikin waɗannan alamu, a garzaya asibitin Dakoro nan take da takardun aikin a hannu, a kira likitan da ya yi aikin tun ana kan hanya. Don Allah wanda ya ji ya sanar da maƙwabcinsa.