Baƙon kifi da tsilar da ke cikinsa

Shirin namu na yau na masunta ne da masu kiwon kifi na Gaya da Ajingi, inda kogin da ya baro Wudil yake ratsawa ya nufi Ringim da Haɗeja. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan ta sauya, kachala ta cika wurare da dama a ƙasan kogin. Wannan kowa ya gani da idonsa. Yau magana ce ta abin da ido ba ya gani sai an farke cikin kifi.

A 1934 wani masani ɗan ƙasar Japan, Satyu Yamaguti, ya ciro wata farar tsila daga hanjin wani ɗan ƙaramin kifi na tafkin Ogura, kusa da birnin Kyoto, ya rubuta bayaninta. Ku ji abin mamaki: bayan 'yan shekaru aka janye ruwan tafkin, aka mai da shi gonaki. Tafkin ya tafi. Ita kuwa tsilar, yau tana kowace nahiya in ban da ta ƙanƙara da ke can ƙarshen kudu, an kuma same ta a cikin kifi fiye da iri 200.

To, wa ya kai ta? Mutane ne, a cikin tankunan ruwa. Akwai wani kifin Asiya, dangin kifin da ake kira kaf, mai cin ciyawa kamar ba gobe, ƙasashe suka yi ta rububin sayensa don ya share masu magudanan ruwa. Amurka ta shigo da shi a 1963. Afirka ta Kudu ta karɓi wani rukuni a 1975, daga baya aka ga tsilar a cikin kifayen gida na kogin Vaal. An sayi kifi, an haɗa da abin da ke cikinsa.

Ga yadda tsilar take yi. Ƙwanta yana fita tare da kashin kifi, ya ƙyanƙyashe a ruwa. Wani ɗan mitsitsin ƙwaron ruwa, wanda da ƙyar ido ke iya gani, ya haɗiye ta. Ɗan kifi ya zo ya haɗiye ƙwaron. Shi ke nan, ta sami gida. Ta kafa kai a bangon hanji, ta miƙe fara sol kamar zare, in suka yi yawa su toshe hanyar abinci. Babban kifi yakan jure. 'Ya'yan ne ke shan wuya: ciki ya kumbura, jiki ya rame, su riƙa yawo a saman ruwa har su mutu. A riƙe wannan, 'ya'yan take kashewa, su ne kuma kamun baɗi.

Sannan tana son ruwa mai ɗumi. A Amurka, babban kogin Kolorado yana fitowa da sanyi daga ƙasan madatsa, sai ta fi yin ƙarfi a wani reshensa mai ɗumi, inda aka gano ta a 1990, daidai wurin da wani kifi mai ƙusumbi da ake fargabar ƙarewarsa yake zuba ƙwai. Wanda ya taɓa sa ƙafa a kogi a Ajingi cikin watan Afrilu ba ya buƙatar a faɗa masa ko namu ruwan mai ɗumi ne.

Nijeriya ma ta daɗe da karɓar baƙon kifi, domin tun shekarun 1950 aka kawo kaf gonar kifi ta Panyam a Filato. Mu ma namu kifayen na Afirka sun yi ɓarna a gidan wasu: karfasar da aka kai Meziko da Madagaska ta tafi da ƙananan tsutsotsin da ke maƙale mata a mashaƙar numfashi, suka koma kan kifayen can.

Hanyar shigowar tsilar a nan a buɗe take. Mai kiwo ya sayo iri daga nesa bai tambayi asalinsa ba, ya zuba a kwami a bakin fadama. Agusta ta zo da ambaliya, kwami da kogi suka zama ɗaya. Daga nan babu komar da za ta dawo da abin da ya fita, kuma masuncin da bai taɓa kiwo ba shi zai biya.

Lokaci ya ƙure mana. Masu kiwo, ku ware sabon iri na 'yan makonni kafin ku haɗa shi da na gida, kada kuma ku saki ruwan kwami ko kayan cikin kifi a kogi. Masunta, wanda ya ga kifin da bai sani ba, ko farin zare a hanjin ƙananan kifi, ya nuna wa Sarkin Ruwa da malamin gona na ƙaramar hukuma tun yana ɗanye. A dafa kifi ya dahu sosai.