Zaɓen Manhajar Fiyano Domin Yaran da Ake Koyarwa a Gida

Iyaye masu koyar da 'ya'yansu a gida sukan tambaye mu wace manhajar fiyano za su bi. Biyu ne muka fi ambata musu. Hanyar Suzuki, daga Japan, tana sa yaro ya fara da kunne, kamar yadda ya koyi harshen uwarsa, kuma dole uwa ko uba su zauna wurin darasi. Manhajar ABRSM ta Ingila kuwa tana da matakai 8, kowanne da jarrabawa, har da karanta waƙar da yaro bai taɓa gani ba.

A ganinmu, yaranmu ba kunne suka rasa ba. Sun taso cikin sujada, wasu ma sun iya do-re-mi daga ƙungiyar mawaƙa. Abin da ya rage shi ne karanta rubutun kiɗa. Sau nawa muka ga saurayi mai baiwa ya kasa kaɗa sabuwar waƙa sai an rera masa tukuna? Saboda haka mun fi son ta biyun.

Kada tsadar fiyano mai maɓallai 88 ta hana ku. Kibod mai 61 ya isa a fara, musamman mai aiki da batir.