Wa Zai Tare Ƙurar? Aikin Ɗan Agaji a Taron Abinci

Tun shekarar 2016 bankin GTBank ya fara shirya bikin abinci da abin sha a Legas, inda ake ba ƙananan masu sana'ar girki rumfuna kyauta, jama'a su yi ta tururuwa, a ɗanɗana nan a saya can. A biranen Amurka da Turai irin wannan biki da motocin abinci ya fi tafiya: mota ce aka gyara cikinta ta zama ɗakin girki, ga murhun gas, ga firji, ga taga a gefe da ake miƙo abinci. Abin da hotunan waya ba sa ɗauka shi ne mutanen da suka zo tun da asuba ba don a biya su ba, su ne masu tsare ƙofa, masu kwashe shara, masu nuna wa baƙo wurin wanke hannu, masu neman uwar yaron da ya ɓace.

Mutumin Tungar Guru ko Bukkuyum a nan Zamfara zai iya cewa wannan sha'anin 'yan birni ne, ina ruwan biri da gada. Amma ya duba ranar kasuwa a Anka ko Gummi, ko yammacin Sallah, ko taron Maulidi da saukar karatu. Motar abincinmu ita ce baro da amalanke da teburin mai shayi da tukubar mai tsire. Ga mai ƙosai da kaskonta, ga mai waina da tandarta, ga 'yar Fulani da ƙwaryar nono, ga yarinya da faranti cike da hoce. Can Argungu kuma, a maƙwabciyarmu Kebbi, bikin kamun kifi da aka faro a 1934, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016, yakan tara dubban mutane, kuma duk wanda ya je sai ya ci wani abu daga hannun wani.

Masu aikin ma ba sai mun aro su ba. 'Yan agajin Jama'atu Nasril Islam da na Izala da na Fityanul Islam, da matasan Red Cross, kowa ya san su da kakinsu a filin Idi da wurin tafsiri. Kafin su kuma akwai gayya, wadda ta nome gonar marar lafiya ta kuma ɗaga katangar da ruwa ya kayar. Inda gizo ke saƙar shi ne, mun koya wa ɗan agaji gyaran sahu da tare cunkoso, ba mu koya masa kallon abin da ke shiga bakin mutane ba. A ganina, a yammacin Zamfara nan ne rabin aikinsa yake.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A farkon 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka lura yara ƙanana suna mutuwa da yawa a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum, suna sanƙarewa suna fizge-fizge, maganin zazzaɓin cizon sauro kuma ba ya yi musu komai. Da aka auna jininsu sai aka ga gubar dalma ce. Duwatsun zinaren da ake haƙowa a daji suna ɗauke da dalma mai yawa, ana kawo su cikin gari, ana farfasa su a tsakar gida, ana niƙa su a injin niƙa irin na hatsi, wani lokaci ma a turmin daka. Yara fiye da 400 suka rasu. Dareta, Abare, 'Yargalma, Sunke, Duza, Tungar Daji da Tungar Guru, duk sai da aka kankare saman ƙasar gidajensu aka kwashe aka zuba sabuwa, aikin da kamfanin TerraGraphics da cibiyar Blacksmith suka jagoranta tare da gwamnatin jiha, mutanen garuruwan kuma su ne suka riƙe fartanya da shebur. Bagega, wadda ta fi su girma, sai a 2013 aka kai gare ta bayan gwamnatin tarayya ta saki kuɗi.

Abin da ya shafi abinci a labarin nan shi ne wanda aka fi mantawa da shi. Binciken da aka yi daga baya ya nuna yawancin dalmar da aka samu cikin gero da dawa ba daga gona ta zo ba. A wurin sussuka da shanya da daka da niƙa ta shiga, wato bayan hatsi ya baro gona ya sadu da ƙurar gari. Dalma ba ƙwayar cuta ba ce da wuta za ta kashe. Ko an tafasa kunu ya yi ta ɓararraka, tana nan. Ba ta da wari, ba ta sauya ɗanɗanon tuwo. Jikin yaro kuma yana zuƙe ta ninki huɗu zuwa biyar fiye da na babba, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadi nata a jini da za a kira marar illa. Wanda bai mutu ba, tana iya taɓa masa ƙwaƙwalwa har abada.

An share garuruwan, gaskiya ne, amma haƙar zinare ba ta tsaya ba. Saboda haka ɗan agajin da aka ɗora a kan filin abinci a wannan yanki, tambayarsa ta farko tun kafin a kafa rumfa ita ce: filin nan an taɓa niƙa dutse ko wanke shi a nan? In an taɓa, a sauya wuri, komai kyan inuwarsa. Sai ya tabbatar an yayyafa ruwa kafin shara, don tsintsiya a busasshiyar ƙasa tayar da ƙura kawai take yi ta sauke ta a kan waina. Abinci ya hau tebur ko benci, kada a ajiye shi a ƙasa. Kowane kwano da murfinsa, ko da faifai ne. Wanda ya taso daga ramin haƙa da kayan aikinsa fari fat da ƙura, a lallashe shi ya yi wanka ya sauya riga kafin ya zauna cikin yara, duk da mun san shi ne mai kuɗin sayen tsire a ranar.

Lallashin nan shi ne gwanintar. Saurayi ɗan shekara ashirin ba zai tsaya kan tsohuwar da ta yi shekaru tana suyar ƙosai ya ce mata ƙazama ba, in ya yi haka ya ɓata goma ɗaya ba ta gyaru ba. Durƙusawa zai yi ya ce, "Sannu da aiki, Inna. Iskar nan ta taso, bari in rufe miki ƙullun nan kada ƙasa ta faɗa." Ita kuma ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗan nan," ta miƙo masa ƙosai biyu. Gobe da kanta za ta zo da murfin.

Sai ruwa. A 2021 kwalara ta kama mutane fiye da dubu 100 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,500, Zamfara tana cikin jihohin da abin ya fi tsananta. A taron abinci hanyarta sananniya ce: ruwan da aka dama fura da shi, ƙanƙarar da aka jefa cikin zoɓo ba a san daga inda aka ɗebo ruwanta ba, kabeji da tumatir da aka yanka a gefen tsire, da kuma robar nan guda ɗaya da mai abinci ke tsoma kwanuka tun safe har ruwan ya koma kalar miya. Ku tsaya ku kalli robar wanke hannu a wurin walima. Mutum na farko ya wanke hannunsa, na ashirin kuwa datti ya ƙaro. Maganin ba tsada: buta da sabulu, yaro ɗaya yana zuba wa mutane, ruwan yana gangarewa cikin rami ko bokiti. Aiki ne da ba wanda ke ɗaukar hotonsa, kuma na fi ganin darajarsa a kan tsayawa bayan manyan baƙi da ƙamewa.

Lokaci ma abokin gaba ne. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce dafaffen abinci kada ya wuce awa biyu a ajiye ba a kan wuta ba, ba a cikin sanyi ba. Shinkafar da aka ƙulla a leda da hantsi don a raba bayan La'asar, a zafin watan Afrilu, ta daɗe da wuce wannan iyaka. Gara a dafa kashi-kashi a raba da zafinta.

Inda abinci na kyauta ne, kamar buɗa-baki a azumi ko ciyar da 'yan gudun hijirar da rashin tsaro ya koro zuwa cikin garin Anka, haɗarin ya koma na turmutsutsu. A watan Disamba na 2024, cikin 'yan kwanaki kaɗan, mutane fiye da 60 suka mutu a wuraren rabon abinci da kyauta a Ibadan da Okija da Abuja, da yawansu yara da mata. Ba mugunta ce ta kashe su ba, ƙofa ɗaya ce da yunwa da sanarwar da ta fi abincin yawa. Mai yunwa in ya ga tukunya na shirin ƙarewa ba ya jin "a yi haƙuri". Don haka ake raba kati tun jiya ta hannun masu unguwanni, a buɗe wuraren rabo uku ko huɗu nesa da juna, mashiga daban mafita daban, layin mata da yara daban, tsofaffi da masu juna biyu a zaunar da su a kai musu. Bulala a hannun ɗan agaji kuwa alama ce cewa shirin ya riga ya lalace. Kuma a halin da yankin ke ciki, taron da za a tashi kafin Magariba ya fi, don waɗanda suka zo daga ƙauye su koma tun da sauran haske.

Masu shirya taro su ma da nasu nauyin. Mutum ya zo aikin Allah ba ya nufin a bar shi a rana tun safe ba ruwa ba loma. A ba shi aiki ɗaya sananne, a nuna masa wanda zai kira in wani ya faɗi, a sauya shi in ya gaji.

Akwai kuma gibin da kaki da usur ba za su cike ba. Mafi yawan abincin da ake sayarwa a filin taro ba a filin aka dafa shi ba. A cikin gida aka surfa, aka jiƙa, aka kai niƙa, aka soya, sannan aka ɗora wa yarinya a ka. Ɗan agaji namiji iyakarsa zaure. Wadda za ta shiga ta ga turmin, ta tambayi wane inji aka kai ƙullun, ta ga ko a kan tabarma ake shanya gero ko a ƙasa, mace ce: malamar Islamiyya, ungozoma, ma'aikaciyar asibitin garin, ko 'yar ƙungiyar mata irin FOMWAN. Kwamitin da zai zauna shirya taron abinci a Gummi ko Anka ko Bukkuyum, ya sa sunayensu a takarda tun zaman farko, ya kuma ware musu kuɗin sabulu da na mota, don zagayen gidajen nan kwana biyu ko uku kafin ranar taro ake yin sa.