Me Ya Sa Ake Auna Ɗan Wasan Da Ke Bakin Raga?

Duk wanda ya taɓa kallon wasan tanis na 'yan bibbiyu, kamar a gasar Dala Hard Court ta Kano, ya san wani lokaci ɗan wasa kan ƙyale sararin fili, ya auna abokin karawarsa da ke tsaye a bakin raga, ya danƙara masa ƙwallo. Mai kallo yakan ɗauka mugunta ce, alhali kuwa akwai lissafi a ciki.

Tsawon filin tanis mita 23.77 ne, raga tana tsakiya. Mai tsaron raga yakan tsaya kamar mita 2 ko 3 daga gare ta, saboda haka tazarar da ke tsakaninsa da mai bugowa daga ƙarshen fili ba ta wuce mita 14 ko 15 ba. Ƙwallon da ke gudun kilomita 100 a sa'a yana cin kusan mita 28 a daƙiƙa guda, wato cikin kimanin rabin daƙiƙa ya iso. To, kafin ido ya gani, ƙwaƙwalwa ta tantance, saƙo ya bi jijiyoyi ya kai hannu, kusan kwatar daƙiƙa ta wuce. Abin da ya rage masa ɗan kaɗan ne, kuma a cikinsa ne zai zaɓi gefen da zai tare, ya kauce da jikinsa, sannan ya buga.

Gwanaye sukan auna ƙugu, ta gefen hannun da ke riƙe da raket. Ɗalibi ya gwada da littafi a hannunsa na dama, ya yi ƙoƙarin kare ƙugunsa na dama da shi: zai ji gwiwar hannu ta maƙale a haƙarƙari, ba ta da wurin motsi. Ƙwallon da ya bi ta gefe ya fi sauƙin tarewa, domin hannu yana samun miƙewa.

Doka ba ta hana ba. In ƙwallo ya taɓa jikin ɗan wasa ana cikin wasa, shi ne ya rasa makin. Ivan Lendl ya yi suna da wannan dabara. A wasan ƙarshe na gasar Masters a New York, cikin Janairun 1982, ya sami Vitas Gerulaitis a goshi. Sai dai ƙwallon tanis, mai nauyin kusan giram 58, yana iya lahanta ido ƙwarai. Don haka malaman wasanni su koya wa yara auna ƙugu ko ƙafafu, mai tsaron raga kuma ya riƙe raket a gaban ƙirjinsa tun kafin a bugo.