YADDA ƘUNGIYAR MAWAƘA KE SHIRYA WAƘOƘIN KIRSIMETI

Idan watan Disamba ya kama, an gama aikin kaka, hunturu ya sauka, mazauna ƙauyuka da yawa a jihohin Filato, Kaduna, Bauchi, Gombe, Adamawa da Taraba sukan ji muryoyi na tashi daga majami'u da maraice. Ƙungiyoyin mawaƙa ne ke bitar waƙoƙin Kirsimeti. Kirsimeti biki ne da Kirista ke yi ranar 25 ga Disamba don tunawa da haihuwar Yesu Almasihu, wanda Musulmi ke kira Annabi Isa. Yawancin mawaƙan manoma ne da teloli da malaman makaranta da matan aure, kuma aikin sa kai suke yi. Harsunansu na gida daban-daban ne, amma da Hausa suka fi yin waƙa.

Dalilin Waƙa Da Hausa

'Yan mishan na ƙungiyar SIM sun fara zuwa ƙasar nan a 1893. Na ƙungiyar SUM sun sauka a Wase a 1904, wasu kuma suka kafa tasha a Garkida a 1923. Sun tarar da harsuna barkatai, amma Hausa ce ke haɗa jama'a a kasuwa. Saboda haka suka riƙa koyar da karatu da Hausa. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. An kuma fassara waƙoƙin Turawa aka tara su cikin Littafin Waƙoƙi, wanda har yau ake amfani da shi a majami'u.

Wasu waƙoƙin sun yi doguwar tafiya kafin su iso nan. Akwai wata sananniyar waƙar daren Kirsimeti da aka fara rerawa a 1818 a garin Oberndorf na ƙasar Ostiriya. Wani limamin coci mai suna Joseph Mohr ya tsara baitocin, wani malamin makarantar ƙauye mai suna Franz Gruber ya yi mata kari. Da yake an rubuta ta a takarda, ta tsallake teku, aka fassara ta cikin harsuna masu yawa.

Murya Huɗu

Irin waɗannan waƙoƙi da murya huɗu ake rera su. Murya ta ɗaya ita ce siririyar muryar mata, ita ke ɗauke da karin da kowa ya sani. Ta biyu ta mata ce masu murya ƙasa-ƙasa. Ta uku ta maza ce masu iya ɗaga murya. Ta huɗu ta maza ce masu kaurin murya, ita ce kamar harsashin gini. Kowane rukuni yana da hanyar da yake bi, amma kalmomin iri ɗaya ne, kuma tare ake tashi, tare ake sauka.

Shugaban mawaƙa yakan koya wa kowane rukuni nasa kason shi kaɗai, sa'an nan ya haɗa su. Babban abin da ake koya wa sabon shiga shi ne sauraro. Wanda ya danne muryar na kusa da shi ya ɓata waƙar, komai daɗin muryarsa. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Shi ya sa ake fara bita makonni da dama kafin ranar biki.

Haruffa Bakwai

Akwai hanya mai sauƙi ta rubuta karin waƙa. Wani fasto ɗan Ingila mai suna John Curwen ne ya yaɗa ta a ƙarni na 19, bisa aikin wata malama mai suna Sarah Glover. Haruffa bakwai ne kawai: d, r, m, f, s, l, t. Ana furta su do, re, mi, fa, so, la, ti. Kowane harafi mataki ne na murya, kamar matakalar tsani, daga ƙasa zuwa sama. Ana sa ɗigo da layi don nuna inda za a ja da inda za a gaggauta. Duk wanda ya san abacada ya riga ya san waɗannan haruffa, saura ya koyi sautinsu. Mai karatu zai iya tafiya da takardarsa gida ya yi bita. Wanda bai iya ba kuwa sai ya jira a maimaita masa.

Waƙoƙin Zumuntar Mata

Waƙoƙin fassara suna da wata matsala. A Hausa, hawa da saukar murya da jan wasali suna sauya ma'ana. Garin da ake zama a ciki daban yake da garin tuwo, ko da yake rubutunsu ɗaya. Karin Turawa ba don Hausa aka yi shi ba, don haka yakan ja inda bai kamata a ja ba, har kalma ta fita baƙuwa a kunne.

Matan majami'a, waɗanda ake kira Zumuntar Mata, sun bi wata hanya. Suna tsara waƙoƙinsu da karin gida. Mace ɗaya ta ba da waƙa, sauran su yi amshi, ana buga tulu da ganga, ana kaɗa caki. Waƙoƙin suna ba da labarin Maryamu da makiyaya da garin Baitalami, suna kuma yin gargaɗi kan zaman aure da tarbiyyar yara da zaman lafiya da maƙwabta. Ko tsohuwar da ba ta taɓa riƙe littafi ba takan kama amshin nan take.

Abin Da Ya Kamata A Yi

Sai dai da yawa daga cikin waɗannan waƙoƙi a ka ake riƙe su. Idan mai ba da waƙa ta rasu, ko aure ya kai ta wani gari, baitoci sukan bi ta. Waƙar Oberndorf ta haura shekara 200 saboda an rubuta ta, amma waƙar ƙauye tana iya ɓacewa cikin shekaru kaɗan.

Maganin wannan ba shi da tsada. Kowace ƙungiya ta sayi littafin rubutu guda, ta naɗa magatakarda. A rubuta baitoci da amshi, da sunan wadda ta tsara waƙar, da shekarar da aka tsara ta. Ko an ɗauki murya a waya, a rubuta, domin waya tana lalacewa ko ta ɓata. Mawaƙan da ba su iya karatu ba su shiga ajin yaƙi da jahilci mafi kusa da su. Waƙar da mutum ya haddace tana sauƙaƙa masa gane kalmomi idan ya gan su a rubuce. Shawarar nan ta shafi masu waƙoƙin Mauludi da na daka da na noma su ma, domin duk gadon jama'a ne da ya kamata a adana wa na baya.