Gaskiya ko Jita-jita: Ana Iya Gane Itace da Kallon Jikinsa Kawai?

A Guna, cikin gundumar Mirya ta jihar Damagaram, yaro ma yana bambance gawo da aduwa tun daga nesa, matuƙar itacen yana tsaye da ganyensa. Rikicin yana farawa ne bayan an sare, an ɓare ɓawo, an sassaƙa turmi ko an yanka katako. Daga nan sai mai saye ya dogara da ido da kuma bakin mai sayarwa. Ga maganganu biyar da ake yawan ji a kasuwa, da abin da ke cikinsu.

"Jan katako madaci ne."
Jita-jita. Madaci ja ne, amma ba shi kaɗai ba. Tsakiyar bagaruwa ja ce, ta kirya ma ja ce mai duhu. Dogon yaro kuwa dangin madaci ne na jini, gida ɗaya suka fito a ilimin tsirrai, shi ya sa katakonsa da aka goge yake rikita har wanda ya saba. Ga shi launi ba ya zama yadda yake: rana tana ƙara masa duhu, mai da hayaƙi suna baƙanta shi, fenti yana rufe komai. Baƙin akushi ba shaida ba ce cewa baƙin itace aka sassaƙa.

"In ka ɗaga ka ji nauyi, kirya ce."
Rabin gaskiya. Kirya tana cikin itatuwa mafi nauyi da tauri a ƙasar nan, dalilin da ya sa masassaƙa ke nemanta don turmi da taɓarya, maƙera kuma suke son gawayinta. Sai dai ɗanyen itace cike yake da ruwa, don haka ɗanyen gawo yana iya yaudarar hannu. Marke da tsakiyar tsamiya su ma masu nauyi ne. Nauyi yana zama hujja ne idan itatuwan biyu sun bushe kuma girmansu ɗaya. A gwada da farce ko bakin wuƙa: gawo yana karɓar alama nan take, kirya tana ƙi.

"Gara ba ta cin kirya."
Gaskiya, amma da sharaɗi. Jar tsakiyar ce ke jure gara da ƙwaro. Farin gefen da ke ƙarƙashin ɓawo ba shi da wannan kariya, a kirya ko a madaci. Wanda zai sayi ginshiƙi ko turmi ya duba yawan farin da aka bari a jiki, domin ta nan ɓarna take shiga.

"Azara ba ta ɓuya."
Gaskiya ce. Giginya da goruba ba su yin girma irin na sauran itatuwa. Ba su da zobba a ciki, ba su da jar tsakiya da farin gefe. Abin da ke jikinsu zaruruwa ne baƙaƙe masu tauri, waɗanda suke fitowa kamar ɗigon tawada idan aka yanka a gicciye. Ƙarfin azara yana gefen waje, inda zaruruwan suka cunkushe, tsakiyar kuwa taushi gare ta. Magina na Birnin Damagaram sun san haka tun kaka da kakanni, shi ya sa suke zaɓen azara mai duhu don rufin soro.

"Tsohon masassaƙi ba ya kuskure."
Akwai gaskiya mai yawa a nan, kuma ya kamata a girmama ta. Masassaƙi ba ido kaɗai yake amfani da shi ba. Yana jin yadda gizago ke shiga, yana shinshina sabon sara, yana duba ragowar ɓawo, ya san ɗacin madaci da launin ruwan ɗorawa na aduwar da ake yin allo da ita. Amma iliminsa na itatuwan ƙasarsa ne. Katakon da ake shigowa da shi daga kudu, a yanke a goge, wani abu ne daban. Su kansu masana sai sun yanki bakin katako da wuƙa mai kaifi, su duba tsarin ƙananan ƙofofin da ruwa ke bi da gilashin ƙara girma, kuma sau da yawa dangin itacen kawai suke iya tabbatarwa.

Me ya sa abin ya dame mu?
Da fari, kuɗi: wanda ya biya kuɗin kirya aka ba shi gawo, turminsa ba zai daɗe ba. Na biyu, daji. Kasuwar Sin ta cinye madobiyar Afirka ta Yamma har aka sa ta cikin yarjejeniyar CITES, mai ƙayyade cinikin tsirrai da namun daji tsakanin ƙasashe, a 2016, kuma sauya wa katako suna yana cikin dabarun masu fasa-ƙwauri. A gida ma, tarihin Damagaram yana danganta wa Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, hukunci mai tsanani ga mai saran gawo. Dokar daji ta Nijar ta 2004 tana nan, manoman Mirya da Magarya da Matamaye kuma sun raini gawo a gonakinsu har duniya ta shaida. Itacen da ke ba gona taki, yake ba dabbobi abinci da rani, bai kamata ya ƙare a kasuwa da sunan aro ba.

Don haka, mai saye, kada launi ya rufe maka ido. Ka nemi a kankare maka gefe ka ga sabon jiki, ka duba bakin yanka, ka gwada tauri, ka tambayi inda aka saro. Mai sayarwar da ya ƙi ko ɗaya daga cikin waɗannan, ka bar masa kayansa.