Kwalbar fitsari da sankarar bakin mahaifa

Macen da ta taso daga wani ƙauyen Tsafe ko Bungudu zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ba don gwajin kariya take zuwa ba. Sai jini ya ƙi tsayawa, sai warin ruwan da ke fita ya hana ta shiga taron suna. A lokacin, sau da yawa, ciwon ya riga ya ci jiki. Hanya ba tsaro, kuɗin mota ya yi tsada, ga kuma kunya: ta kwanta a buɗe ta da ƙarfe, wataƙila a gaban likita namiji.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mata kusan 12,000 suka kamu da wannan sankara a Najeriya, kimanin 8,000 suka rasu. Ƙwayar HPV ce tushenta, kuma nau'i na 16 da na 18 su ne ke haddasa kusan kashi 70 cikin ɗari. Rigakafin da aka fara a Oktoban 2023 na 'yan mata ne masu shekara 9 zuwa 14. Iyayensu mata fa?

A nan fitsari ya shigo. Ba na tsakiya ake so ba, irin wanda aka saba karɓa a asibiti. Farkon zubowar ake tara, domin shi ke wanko majina da ƙwayoyin halittar da suka sauko daga bakin mahaifa. Wani nazari da mujallar BMJ ta buga a 2014, wanda ya haɗa bincike 14, ya nuna fitsari na kama ƙwayar a kashi 87 cikin ɗari na matan da aka same ta a bakin mahaifarsu. A Beljiyam har an ƙera mazubi, Colli-Pee, mai tsinke farkon fitsarin shi kaɗai.

Ina ganin Zamfara ta fi Turai buƙatarsa. Ungozoma na iya karɓar kwalba a zaure, mace ba ta tuɓe ba, maigida bai sami abin ƙi ba. Sai dai zafin bazara na lalata samfur in ba a zuba masa sinadarin adanawa ba, kuma shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2021 ta tsaya ne kan samfurin bakin mahaifa ko wanda mace ta ɗebo da tsinken auduga da hannunta.

Abin da ya fi damuna shi ne ranar sakamako. Samun ƙwayar ba sankara ba ne, galibi jiki kan kore ta da kansa. Amma wadda aka samu tana ɗauke da ita dole a duba ta, a ƙone tabon in akwai, kuma wannan na nufin sake hawa hanyar Gusau.